Sabon Wake da Tsutsar Gona

Wata hajiya mai sayar da wake da shinkafa a nan Kotobabi ta tare ni da tambaya: wai gaskiya ne akwai waken da ke kashe tsutsa da kansa? In haka ne, mu masu ci fa?

Hajiya, gaskiya ne. A 2019 Nijeriya ta fitar da irinsa daga Samaru, Zariya. A Gana hukuma ta amince a 2022, cibiyar binciken noma ta Nyankpala ta fito da shi a 2024 da sunan Songotra-T. An dasa masa gadon wata bakteriyar ƙasa, Bt, wadda aka fara ganowa a Japan a 1901.

Ga yadda dafin ke aiki. Hanjin tsutsa jere yake da ƙananan ƙwayoyin halitta, kowace a lulluɓe da tantani, kamar ledar ruwan sanyi. Tantanin nan ne mai gadi, shi ke tsare abin da zai shiga ko ya fita. In tsutsa ta ci furen wake, dafin ya isa hanjinta, sai ya laluɓi wani gurbi a jikin tantanin ya maƙale, kamar mabuɗi a kwaɗo. Sai 'yan'uwansa su taru su huda ƙofa. Gishiri da ruwa su kwararo ciki, ƙwayar ta kumbura ta fashe. Tsutsa ta daina ci, cikin 'yan kwanaki ta mutu.

To, hanjin ɗan Adam ba shi da wannan kwaɗo. Ga tsamin tumbinmu, ga wutar murhu, duk suna lalata dafin. Mutanenmu na Arewa ma sun san danginsa: shirin yaƙi da makantar kogi, daga 1974 zuwa 2002, ya zuba wani nau'in Bt a koguna don kashe tsutsar baƙin ƙuda.

Amma kada a ruɗe mu. Tsutsar gona kaɗai yake kashewa, ba ruwansa da ƙwaron da ke ɓula wake a buhu. Ni nan tsorona yake, gun masu barbaɗa maganin feshi a buhu don kaya su daɗe. Hajiya, in kin je kasuwar Nima, ki ɗebi waken ki sansana kafin ki biya.