Addu'a Ba Bargon Rufa Asiri Ba Ce

Duk lokacin da magana mai nauyi ta taso a ikkilisiya, ko kuɗin baiko ya yi ɓatan dabo, ko wani shugaba ya ci amanar jama'a, amsa guda muke samu: "A yi haƙuri, ana addu'a a kai." In muka matsa, sai a tuna mana da manzanni, wai ai su ma jira suka yi a Urushalima. To, a buɗe babi na farko na Ayyukan Manzanni a gani ko labarin da Luka ya rubuta ya goyi bayan wannan magana.

Gaskiya ne an umarce su kada su bar Urushalima sai Ruhu Mai Tsarki ya sauko. Bayan an ɗauke Yesu zuwa sama, kwana 40 da tashinsa, suka sauko daga Dutsen Zaitun suka hau ɗakin bene. Suka nace da addu'a tare da mata masu bi, da Maryamu mahaifiyarsa, da 'yan'uwansa. Wajen kwana 10 suka yi kafin Fentikos, ba tare da an faɗa musu ranar ba.

Amma me suka yi a cikin jiran? Bitrus ya miƙe gaban mutum wajen 120 ya taɓo gyambon da ya fi ciwo: Yahuza Iskariyoti, ɗaya daga cikinsu, mai riƙe musu jakar kuɗi, wanda ya ba da Ubangijinsu. Bitrus kansa ya yi musun sanin Yesu sau uku makonni kaɗan kafin nan, yana da dalilin kame bakinsa. Duk da haka ya kira sunan, ya ce a cike gurbin. Ya kafa sharaɗi a fili: sai wanda yake tare da su tun baftismar Yahaya har ranar da aka ɗauke Yesu. Aka tsayar da mutum biyu, Yusufu Barsaba da Matiyas, aka yi addu'a, aka jefa ƙuri'a, ta faɗa kan Matiyas. Ba a ƙulla a ɓoye ba, ba a kuma naɗa ɗan gidan wani ba.

Za a ce tono irin wannan yana raba kan masu bi. Ai gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Taron da ya tattauna abin kunyarsa a fili, shi ne ya karɓi mutum wajen 3,000 a ranar Fentikos.

Ranar saukowar Ruhu tana hannun Allah, shi ya sa suka jira ta. Gurbin Yahuza yana hannunsu, shi ya sa suka cike shi. Littafin ma'aji ma yana hannunmu. Duk dattijon da ya sake ce mana ana addu'a a kai, mu amsa masa da amin, sannan mu tambaye shi ranar da za a karanta lissafi a gaban jama'a.