Tsakanin na'urar faifan CD da kwamfuta: wa ya fi riƙe muryar Shata?

Yau ba labarin soyayya na zo da shi ba, gardama ce da muka daɗe muna tafkawa da wani dattijo maƙwabcinmu a nan Ƙofar Guga, na ga ya kamata in kawo ta gabanku.

Shi wannan bawan Allah mashayin waƙar Alhaji Mamman Shata ne na gaske. Yana da wata na'urar sa faifan CD mai tsadar gaske da ya sayo a wata tafiya, ga manyan lasifiku biyu, ya lulluɓe ta da ƙyalle kamar amarya saboda ƙurar hunturu. A wurinsa duk wanda ke jin Bakandamiya a kwamfuta ko a waya bai taɓa jin Shata ba. Ni kuwa na ce masa, Baba, a yi mani afuwa, kuɗin nan ba a inda ya dace aka zuba su ba.

Ga hujjata. Faifan CD, tun da kamfanonin Sony da Philips suka fito da shi a 1982, ba sauti ne a cikinsa ba irin na faifan garmaho, lambobi ne zalla. Ana auna sautin sau 44,100 a kowace daƙiƙa a rubuta. Na'urar Baba karanta lambobin take yi ta mayar da su sauti, kwamfuta kuma tana iya kwashe waɗannan lambobin daidai wa daida, ba ragi ba ƙari, idan an ajiye su a tsarin WAV ko FLAC. Abin da ya rage shi ne ɓangaren da ke juya lamba zuwa sauti, sai amfilifaya da lasifika. Da na jona kwamfutata da lasifikunsa wata ranar Juma'a bayan La'asar, ya rufe ido ya kasa cewa wannan ce ko waccan. Bai dai yarda ya sha kaye ba, ya ce kunnensa ne ya tsufa.

To amma fa Baba yana da gaskiya ta wani gefen, kuma nan ne abin ya fi damuna. Waƙar da yawancinmu ke ji ba irin wadda na sa masa ba ce. Wadda masu tura waƙa ke zuba mana a memori MP3 ce, wadda aka matse har ta koma kusan kashi ɗaya cikin goma na girmanta, ta hanyar zubar da abin da ake ganin kunne ba zai lura da shi ba. Matsa ɗaya ba ta cika yin ɓarna ba. Ɓarnar tana zuwa ne idan wani ya ɗauko daga tsohon kaset, ya matse, wani ya mayar bidiyo, wani ya sake cirowa ya sake matsewa. Kafin ta iso kunnenka kalangu ya koma kamar ana buga gwangwani, muryar 'yan amshi ta cakuɗe. Kuma kalangu magana yake yi, idan amonsa ya tafi rabin waƙar ya tafi.

Sai dai shi ma Baba ban bar shi ya tsira ba. Shata ya rasu a 1999, kuma yawancin waƙoƙinsa a garmaho da kaset da ɗakunan rediyo aka ɗauke su. Fayafayan da Baba ke tinƙaho da su, in ban da 'yan kaɗan, a kasuwa aka ƙona su, wasu ma daga irin wannan MP3 ɗin da yake zagi. Na'urar miliyan ba ta iya mayar da abin da aka riga aka zubar. Ga shi faifan da aka ƙona ba ya jure zafin rana irin namu, ga ƙarzuwa, ga ƙura da ke toshe idon na'urar. Biyu daga cikin nasa sun riga sun daina tashi.

Abu ɗaya da nake jin kishin faifai a kansa shi ne bangonsa. Ko ba komai za ka ga sunan mawaƙi da sunan waƙa. A memori kuwa sai ka ga lamba kawai, ko ka ga waƙar Ɗanƙwairo an liƙa mata sunan Narambaɗa, yaro ya tashi da wannan kuskuren ya riƙe shi gaskiya. Sannan mai faifai yana zama ya saurara har ƙarshe, mu kuwa da waƙa dubu a aljihu tsallake muke ta yi.

Shi ya sa nake roƙon duk wanda ya gaji akwatin kaset ko garmaho na mahaifinsa, kar ya bari ya ruɓe a ɗaki. A nemi mai kwamfuta da ya san aiki, a kwashe sau ɗaya ba tare da matsewa ba, a rubuta sunan mawaƙi da wanda aka yi wa waƙar, a ajiye a wuri biyu. Mu dai mun fara da na Baba. Mun kwashe faifai goma sha ɗaya, yana zaune a gefe yana gyara mani sunaye, kuma har yanzu ƙyallen nan yana kan na'urarsa, ya ce ko an gama ba zai sayar ba.