Direba Ba Gidan Waya Ba Ne!

Jama'a, masu cewa zamanin wasiƙa ya wuce tunda ga WhatsApp, ku zo Farfaru ta bakin iyakar Jibiya ku maimaita. WhatsApp zai kai takardar shaidar makaranta? Zai kai ƙunshin littattafai?

Mutumin Farfaru gidansa ba lamba, layinsa ba suna, sai a rubuta saƙonsa ta hannun wani mai shago a Jibiya. In aka tarar mai shagon ya tafi cin kasuwa, shi ke nan, takarda ta koma gidan waya ta kwanta, mai ita bai sani ba. Sai ranar intabiyu ta wuce, sannan a mayar wa wanda ya aiko. A littattafanmu irin wannan wasiƙar ce ke sa a aurar da budurwa ga wani. A zahiri kuwa abincin gida guda ne ya zube.

Wai sai a riƙa bai wa direban Maraɗi. To, a Agustan 2019 aka rufe iyaka, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. A Agustan 2023, bayan juyin mulkin Nijar, aka sake garƙame ta har Maris 2024. Ina direban a lokacin? In kuma saƙo ya salwanta a hannunsa, wa zai biya? Iyaka dai "Allah Ya mayar da alheri".

Buƙatarmu ƙanƙanuwa ce: a rubuta lambar mai saƙo a ambulan, in ba a same shi ba a kira shi, a adana masa kayansa. Allah Ya sa masu kunne su ji, amin.