Mata-maza daban, mai sauya jinsi daban: abin da rikicin Imane Khelif ya tono



Ranar 1 ga Agusta 2024, a gasar Olamfik ta birnin Paris, 'yar damben Italiya Angela Carini ta janye bayan daƙiƙa 46 da fara karawa da Imane Khelif ta Aljeriya. Kafin gari ya waye labari ya karaɗe wayoyi cewa wai namiji ne ya rikiɗa mace yana dukan mata, kuma har a zaurukanmu na WhatsApp an yi ta tura shi. Alhali Imane mace aka haife ta, mace aka rene ta, haka takardunta suka nuna, kuma dokar Aljeriya ba ta ba da damar sauya jinsi ba. Gaskiya ne hukumar dambe ta IBA ta cire ta daga gasar duniya ta 2023 a New Delhi bisa wani gwaji da ba ta bayyana dalla-dalla ba, amma ko da zargin ya tabbata, magana ce ta halittar jiki. Wanda ya kira ta mai sauya jinsi ya faɗi abin da ba shi da ilmi a kai.

Mas'aloli biyu ne aka cakuɗa, kuma malamanmu sun daɗe da raba su.

Ta farko ta jiki ce. A cikin ƙwayoyin jikin ɗan Adam akwai zarurrukan gado 46 da ake kira kuromosom. Biyu daga ciki su ne na jinsi: mace XX, namiji XY. A makonni shida na farko a ciki, ba a bambance ɗan tayi namiji da mace. Sai wani ɗan guntun gado a jikin Y, mai suna SRY, wanda aka gano a 1990, ya tada ginin 'ya'yan maraina, su kuma su fitar da sinadarin testosteron da ke siffanta sauran gaɓoɓi. Matakai ne a jere, kowanne yana iya samun tangarɗa da ikon Allah. Akwai mai XY da jikinta ba ya amsa testosteron ko kaɗan, sai ta fito mace sak, ba za a sani ba sai ta balaga haila ta ƙi zuwa. Akwai yaran da likita Julianne Imperato-McGinley ta bayyana a 1974 a Jamhuriyar Dominika, waɗanda ake haifa da kamannin mata saboda rashin wani sinadari, idan sun balaga murya ta buɗe, siffar maza ta bayyana.

Wannan shi ne khunsa a littattafan fiƙihu, mata-maza a bakin Bahaushe. Ɗaliban da suka sauke Mukhtasar Khalil sun san da mas'alarsa aka rufe littafin, kuma a mazhabar Malikiyya wanda lamarinsa ya rikice yana gadon rabin rabon namiji haɗe da rabin rabon mace. Malaman da ba su da na'urar gwaji sun ba shi haƙƙi a dukiyar ubansa. Mu da muke da na'urar muna yi masa dariya. 'Yar tseren Nijar Aminatou Seyni ta ɗanɗani wani ɓangare na wannan, lokacin da dokar testosteron ta hukumar guje-guje ta duniya ta raba ta da tseren mita 400, ta koma mita 200.

Mas'ala ta biyu ita ce ta mutumin da jikinsa ya cika namiji ko mace, amma a zuciyarsa yana jin shi ɗaya jinsin ne. A nan ilmin likitanci bai yi nisa kamar a ta farko ba. Binciken tagwaye ya nuna gado yana da ɗan hannu. Wani bincike a Holan a 1995 ya ga bambanci a wani ƙaramin sashe na ƙwaƙwalwa, sai dai ƙwaƙwalen da aka duba ƙalilan ne. Har yau babu gwajin jini ko hoton kai da zai ce wane mai wannan hali ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire lamarin daga babin cututtukan taɓin hankali a kundinta na 2019. A Ingila kuwa, rahoton likita Hilary Cass na Afrilu 2024 ya ce hujjar amfanin magungunan dakatar da balaga ga yara tana da rauni, kuma asibitocin gwamnati sun daina ba da su kamar da. Wato Turawan ma gardama suke yi a tsakaninsu. Abin da ba mu musu a kai shi ne ƙuncin da irin waɗannan mutane ke ciki na gaske ne, yana kai wasu ga halaka kansu.

Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka, a zamanta na 1989, ta halatta tiyatar gyara ga khunsa bisa alamomin da suka rinjaya, ta haramta ta ga wanda gaɓoɓinsa suka cika. Wannan muke bi. Iran ta saɓa, don Khumaini ya ba da fatawar halacci. Amma haramcin tiyata bai ba kowa lasisin zagi ko duka ba; Imam Nawawi ya bambance wanda aka halitta da taushin ɗabi'a, wanda babu zargi a kansa, da mai ƙirƙirar ta da gangan.

Abin da ya fi kusa da gidajenmu shi ne jaririn da aka haifa ungozoma ta kasa cewa namiji ne ko mace. Kunya kan sa a ɓoye shi a ɗaka. Ɗaya daga cikin manyan dalilan wannan kamanni shi ne lalurar wasu ƙananan gaɓoɓi da ke saman ƙoda, wadda kan sa jariri ya zubar da gishirin jikinsa, ya mutu cikin makonnin farko, alhali akwai maganinta. Irin wannan jariri a kai shi babban asibiti tun kafin ranar suna, kuma liman ya ji ta bakin likita kafin ya raɗa.