Daga sizyam zuwa turwazyam: ina ƴaƴanmu suke tsayawa?



A taronmu na makon jiya, bayan an gama zubi an rufe akwati, wata daga cikinmu ta nemi bashi don ta ƙara jarin ƙosai. Muka tambaye ta wa zai ɗauki tallar safe, tunda ita tana bakin kasko. Ta ce ai yarinyar tana gida yanzu. Wace yarinya? Wadda muka yi wa guɗa bara waccan da ta shiga koleji. Ta yi sizyam, ta maimaita sizyam, sai aka daina ganinta da kaye a hannu. Ba wanda ya kore ta da baki, ba wanda kuma ya ce ta koma.

Shiru ya ɗan ratsa tabarmar, don kowa ta san irin wannan a gidanta ko a gidan maƙwabta.

Mu nan cikin garin Damagaram ba za mu ce koleji ta yi mana nisa ba. Wannan kukan na mutanen karkara ne, shi ya sa ma aka buɗe wa ƴan mata makarantar kwana a Kelle, cikin yankin Gure, a 2021. Mu daga Birni har Zango, daga Garin Malam har Sabon Gari, yaro da ƙafarsa yake zuwa. Amma ku leƙa kowace CEG a watan Oktoba: ajin sizyam cike maƙil, wasu uku-uku, wasu huɗu-huɗu a tebur. Ku leƙa turwazyam, za ku ga wuri ya samu. Shekara 4 ce kacal tsakaninsu, kuma cikin waɗannan shekaru ne ake zubar da yaran a hanya kafin su kai ga jarrabawar BEPC.

Sizyam ita ce babbar rijiya. A firamare mushe ɗaya ne ya san yaro, ya san uwarsa. A koleji kowane darasi da malaminsa, kowa ya yi awarsa da Faransanci ya fita. Yaron da ya taho bai iya karanta shafi ɗaya da kansa ba, nan zai ɓace. In bai samu 10 bisa 20 ba sai maimaici, in abin ya sake faruwa sai kora. Mu kuma iyaye, da yawanmu ba ma ganin takardar sakamako sai an riga an gama magana. Mu da muka yi yaƙi da jahilci da Hausa mun iya karanta lamba ko ba mu ji Faransanci ba. 7 ba 12 ba ce. Wannan kaɗai ya isa uwa ta ɗauki mayafi ta je ta ga darakta tun a tsakiyar shekara.

Sai ruwa. Wanda bai zauna Zinder a watan Afirilu ba bai san abin da muke faɗa ba. Famfo ya zo da tsakar dare, wa ake tashi? Yarinya. Ta bi layi da bido har asuba, ta share gida, ta isa aji ƙarfe 8 ta wuce, idonta na rufewa. Ƙanenta namiji yana barci. Ba mu ce a sayi ruwan ƴan garuwa kullum ba, mun san kuɗinsa a lokacin zafi. Amma namiji ma yana da hannu biyu, kuma ba mu taɓa jin bido ya ƙi shi ba.

Yanzu ga inda maganar ta taɓa mu kai tsaye. Tun da aka fara Mata Masu Dubara a Maradi a 1991, asusu ya fitar da mata da yawa daga kunya. Ba mai musun wannan. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: in jari ya ƙaru, tire ma yakan ƙaru, kuma kan da yake ɗaukar tiren zuwa Kasuwar Dole ko tasha sau da yawa kan ƴar koleji ne. Mukan ce ai kayan ɗakinta take tarawa. To, mun tara kwano da katifa, mun kuma tara mata dalilin barin aji. A ƙasarmu, kusan mata 3 cikin 4 ana yi musu aure kafin su cika shekara 18. Ba daga sama wannan lissafi ya faɗo ba, a tsakar gidajenmu ake yin sa.

Masu cewa ko ta samu BEPC ina aikin yake, ba ƙarya suka yi duka ba. Muna ganin masu takardu zaune a fada suna dafa shayi. Sai dai ku duba wa ke riƙe mana littafin asusu, wa ke karanta mana takardar likita, wa ake ɗauka a makarantun koyon aikin lafiya. Waɗanda suka ƙarasa ne. Kuma tun Disamba 2017 akwai dokar gwamnati da ta ce a kare yarinya a riƙe ta a makaranta har shekara 16. Wadda aka yi wa aure ma ba a rufe mata ƙofar aji ba. Iyaye da yawa ba su san da haka ba, sai ku faɗa musu.

A ƙungiyarmu ga abin da muka tsayar, bayan gardama mai zafi (wasu har yanzu ba su gamsu ba, kuma muna girmama su). Rabon ƙarshen zagaye za mu matso da shi zuwa Satumba, don kuɗin ya tarar da sayen kaye da tufafin makaranta, maimakon ya ƙare a ɗinkin Salla. Duk mai neman bashin sana'a za a tambaye ta a gaban kowa wa zai yi mata talla, da ƙarfe nawa. Ita kuwa mai ƙosai mun ba ta bashin, da sharaɗin ta ɗauki wata dattijuwa maƙwabciyarta ta zauna mata da tire a ƙofar gida, mu kuma mutum biyu za mu raka ta wurin darakta mu ji ko akwai sauran hanya.

Taro mai zuwa, duk mai yaro a koleji, mace ko namiji, ta zo da takardar sakamakonsa ta ƙarshe. Mai ɗa a katiriyam ta duba takardar haihuwarsa tun yanzu, don ba a rubuta sunan yaro a jarrabawa sai da ita, kuma neman ta a kotu yakan ɗauki lokaci. Wadda ba ta iya karatu ba ta kawo hakanan, za mu duba tare bayan zubi.