Ra'ayinmu: Kada a yi cinikin biri a sama kan karatun ɗiyanmu a Amurka

Ƴan kasuwa da dama na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai suna da ɗiya ko ƙanne a Amurka, musamman a Niyok da Girinsboro. Masu son karatu cikinsu sukan fara daga kwalejin al'umma, makarantar gwamnati ta shekara 2 bayan sakandare. Dalili kuwa araha: mazaunin jiha yakan biya kimanin dalar Amurka 4.000 a shekara, wato sama da jikka dubu 2, kusan sulusin kuɗin jami'ar gwamnati. In ya gama, yana iya wucewa jami'a ya cika shekara 4.

Amma araha ba ta hana asara. Kowace kwaleji tana da jami'in da ke ba sabbin ɗalibai shawara, kuma ganinsa kyauta ne. Alhaji, Hajiya, kafin ku aika ko tamma, ku sa yaro ya zauna da wannan jami'i, ya yi masa tambaya huɗu.

Ta farko: nawa zan biya? Wanda ba a lissafa shi mazaunin jiha ba yakan biya ninki biyu ko uku. Ta biyu: ina da hakkin tallafi? Ɗan ƙasa da mai katin zama na dindindin suna iya cika takardar FAFSA su nemi taimakon gwamnati. Mai bizar karatu ba ya ciki. Ta uku: yaya za a yi da BAC ɗina? Sai an fassara takardun zuwa Ingilishi, sau da yawa kuma sai an tantance su. Wanda Ingilishinsa bai nuna ba za a fara sa shi ajin koyon harshe, wanda ake biya, amma galibi ba ya shiga lissafin digiri. Ta huɗu, wadda ta fi kowace nauyi: waɗanne darussa jami'a za ta karɓa in na wuce? Darasin da ta ƙi, kuɗinsa da watanninsa sun faɗi ƙasa.

Tun 2025 Amurka ta tsananta ba ƴan Nijar biza, don haka wanda ke can kada ya yi wasa da damarsa. Mai sayar da atamfa ba ta biyan dila sai ta kwance ta ga kaya. Yaro ya rubuta amsoshin, ya karanta muku ta waya, sannan kuɗi su tashi. Matambayi ba ya ɓata.