Talla a Takarda, Ciniki a Waya

Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a watan Agusta na shekarar 2001 ake ta yi wa takarda jana'iza. An ce jarida ta kusa ƙarewa, an ce wasiƙa ta mutu, an ce takardar talla ma kwananta ya ƙare. Ga shi an haura shekara ashirin, amma duk wanda ya leƙa Shomolu a Legas ko Mokola a Ibadan zai tarar injinan ɗab'i suna ta ruri, ana fitar da fosta da kalanda da katin gayyata da 'yan ƙananan takardun nan da ake miƙa wa mutane a tashar mota da bakin kasuwa. Abin da ya sauya shi ne abin da ake rubutawa a gindin takardar. A da adireshi ne da lambar akwatin gidan waya. Yanzu kuwa lambar WhatsApp ce da lambar asusun banki, wani lokaci har da wani ɗan zane mai kusurwa huɗu, mai ɗige-ɗigen baƙi da fari, wanda ake kira QR. Wato takarda ta zama 'yar rakiya, ta kama hannun mai saye ta kai shi cikin waya inda za a ƙulla ciniki. A nawa ganin wannan dabara ce mai kyau. Sai dai da yawa daga cikin masu talla a ƙasar nan kwaikwayo kawai suke yi, suna gina gada a inda babu mai tsallakawa, kuma abin ya fi muni idan wanda ake son jawowa Bahaushe ne.

Bari mu fara duba inda aka aro dabarar. A Amurka da Turai talla ta gidan waya tsohuwar sana'a ce. Kamfani yakan tara sunayen mutane da adireshinsu, ya buga littafin hotunan kayansa, ma'aikacin gidan waya ya kai har ƙofar gida. Kamfanin IKEA na ƙasar Suwidin, mai sayar da kujeru da gadaje da sauran kayan ɗaki, ya fara buga irin wannan littafi a 1951, kuma a 2016 sai da ya buga kwafi miliyan 200 cikin harsuna 32. A 2013 ya haɗa littafin da wata manhajar waya: ka ajiye littafin a tsakar ɗakinka, ka haska shi da kyamarar wayarka, sai ka ga hoton kujerar a wurin kamar ka riga ka sayo ta. Duk da haka, a watan Disamba na 2020 kamfanin ya ba da sanarwar daina buga littafin. Masu cewa takarda ta mutu suna yawan kafa hujja da wannan. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne, shekara biyu kafin nan, a 2018, kamfanin Amazon, wanda shi a intanet aka haife shi, ya buga littafin kayan wasan yara ya aika gidajen mutane a Amurka ta gidan waya. Kuma bai sa farashi a ciki ba. Mai son sanin kuɗin kaya sai ya haska shafin da wayarsa.

Wannan rashin sa farashi shi ne ya fi ba ni sha'awa, domin ya nuna an fahimci abin da kowannensu ya iya. Takarda tana da zama. Takan yi sati a kan tebur, yaro ya ɗauka ya zagaye abin da yake so da biro, uwa ta duba, baƙo ma ya duba. Saƙon waya kuwa sau nawa muke share shi tun ba mu karanta ba? Amma takarda bebiya ce. Da zarar an buga ta farashin ya daskare, kuma ba za ta dawo ta gaya wa mai talla mutum nawa ta jawo masa ba. Waya ta iya duka biyun. Ita kanta hukumar gidan waya ta Amurka ta gane haka, domin tun 2017 take aika wa waɗanda suka yi rajista hoton ambulan ɗin wasiƙunsu ta imel kafin wasiƙar ta iso, masu talla kuma suna iya maƙala mahaɗin shafinsu a jikin hoton.

To, mai karatu, duk wannan gini a kan abu ɗaya ya tsaya: adireshi. Mu kuwa a nan, da kwatance ake zuwa gidajen mutane da yawa. "In ka wuce gidan mai, ka sha kwana ta hannun hagu, gida na uku bayan mai shayi." Cikin 'yan ajinmu, mutum nawa ne ma'aikacin gidan waya ya taɓa ƙwanƙwasa wa ƙofa? Saboda haka gidan wayarmu na talla shi ne hannun yaron da ke tsaye a tasha, da ledar da aka sa maka kaya a kanti, da takardar da ake cusawa cikin jarida, da kalandar da ɗan kasuwa ke raba wa abokan cinikinsa a ƙarshen shekara. Wanda ya ɗauko tsarin Amurka sukutum ya dasa a nan, ya yi shuka a idon makwarwa.

Abin mamaki ma shi ne, mun daɗe da namu salon haɗa takarda da waya, kuma ya karɓu tun kafin a san QR a titunanmu. Katin waya mene ne in ba takarda mai kai mutum cikin na'ura ba? Ka saya, ka kankare, ka danna lambobi, kuɗi ya shiga. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta san wannan, ko da jikanta ne zai danna mata. A 2010 hukumar NAFDAC ta ɗauki wannan dabara ta ɗora a kan kwalin magani, musamman maganin zazzaɓin cizon sauro: ka kankare, ka tura lambar ta saƙon tes, a amsa maka ko maganin na gaske ne ko jabu. Bankuna ma suka zo da gajerun lambobi masu farawa da tauraro, suka cika allunan talla da su. Sannan lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, mai tsire da mai kayan miya da mai gyaran takalmi duk suka rubuta lambar asusunsu a kwali suka rataye. Ba wani masanin talla da ya koya musu. Duk waɗannan suna da hali guda: suna aiki a ƙaramar waya mai madannai, ba sa cin data, kuma mutum yana ganin amfanin abin nan take.

Yanzu a gwada su da takardar naira ɗari ta tunawa da cikar Nijeriya shekara ɗari da haɗewa, wadda aka fitar a ƙarshen 2014. A bayanta akwai zanen QR wanda aka ce yana kai mutum ga tarihin ƙasa. Babu takardar talla a ƙasar nan da ta shiga hannaye kamar wannan kuɗi. Amma ka tambayi na kusa da kai ko ya taɓa haska zanen, ko ma ya lura da shi. Dalilin a fili yake: ba a ba mutum wani dalilin da zai sa ya ciro waya ba, ba a kuma rubuta masa abin da zai yi da zanen ba. Shi dai QR ba laifinsa ba ne. Wani injiniya ɗan Japan mai suna Masahiro Hara ne ya ƙirƙiro shi a 1994 a kamfanin Denso domin bin sawun kayan gyaran mota a masana'anta, inda na'ura ce mai karatu. Da ya fito titi, sai ya zama yana buƙatar babbar waya da data da kuma jimla guda mai cewa "haska nan ka ga kaza". Wannan jimlar ce ake yawan mantawa, kuma ita ce ta kawo mu ga batun harshe.

A Mile 12 da Agege a Legas, da Sabo da Bodija a Ibadan, akwai dubban Hausawa 'yan kasuwa masu juya kuɗi ba kaɗan ba, masu tumatir da albasa da shanu da hatsi da canji. Bankuna da kamfanonin waya da masu sayar da fitilar sola sun san da su, shi ya sa wani lokaci sukan buga takardar talla da Hausa. Madalla. Amma bi sawun takardar ka gani. Ka haska zanen, sai ya kai ka shafin da babu kalmar Hausa ko ɗaya. Ka kira lambar, sai wanda ya ɗauka ya amsa da Turanci, ka yi masa Hausa ya ce bai gane ba. An yi wa mutum sallama da harshensa a bakin ƙofa, da ya shigo zaure sai aka juya masa baya. Wannan ya fi rashin gayyatar ciwo, domin ya fahimci cewa kuɗinsa ake so, ba a shirya sauraronsa ba.

Ita kanta Hausar da ke kan takardar sau da yawa abin tausayi ce. Mu da muka koyi harshen nan a aji mun sha wuyar ɓ da ɗ da ƙ, don haka idonmu ba ya wuce su. Mai ɗab'i da ba shi da haruffan a kwamfutarsa yakan zubar da lanƙwasar kawai, ko kuma injin ya fitar da ɗan akwati a gurbin harafin. Sai ka ga kanti ya rubuta yana maraba da "baki", alhali baƙi yake nufi. Wani ya ce kayansa sun zagaye "kasa". Bahaushe zai gane daga ma'anar jimla, amma zai kuma gane cewa ba a damu ba. Ga kuma fassarar na'ura. Tun Disamba 2013 Google Translate yake da Hausa, kuma ya inganta ƙwarai daga baya, amma har yanzu jimlar talla ba ta fassaruwa kalma da kalma. Talla ƙawa take so da karin magana da zolaya irin ta kasuwa. Wanda ya taɓa jin yadda mai tallar magani yake zuba a lasifika a tasha ya san tazarar da ke tsakanin wannan da busasshiyar Hausar da ake bugawa.

Da ni za a tambaya, takardar da aka nufi ɗan kasuwa Bahaushe da ita ta ɗauki magana kaɗan da manyan haruffa, da lambar waya da za a iya kira ko a tura mata saƙon murya, a kuma amsa da Hausa. In za a sa QR, to ya buɗe muryar mutum yana bayani cikin minti ɗaya. Al'ummar da ta shaƙu da rediyo shekara da shekaru, kuma take aika saƙon murya a WhatsApp fiye da rubutu, kunnenta ya fi saurin kamawa. Akwai kuma dattawa da dama da ajami ya fi musu sauƙi a kan boko, layi ɗaya da ajami a gindin takarda ba zai ƙara kuɗin ɗab'i ba.

Wani zai ce, da tsadar takarda da tawada a yau, waɗanda yawancinsu daga waje ake shigo da su, ina amfanin buga abin da rabinsa a kwata zai ƙare? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Duk wanda ya ga titi bayan an gama rabon takardu ya san asarar da ake yi. Amma a nan ne waya take biyan takarda ladanta. Mai kanti zai iya buga takardu kashi biyu, ya sa wata kalma a na Agege, wata dabam a na Mile 12, ya ce duk wanda ya ambaci kalmar a saƙonsa za a rage masa wani abu. Bayan sati biyu ya ƙirga. Inda aka amsa ya ƙara bugawa, inda aka yi shiru ya daina zubar da kuɗinsa. Wannan ba ya buƙatar manhaja mai tsada, littafi da biro sun isa.

Akwai haɗari kuma da bai kamata a rufe shi ba. Ido ba ya karanta QR, saboda haka macuci zai iya manna nasa zanen a kan na gaskiya ya karkatar da kuɗi ko ya saci bayanan asusu, har hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi a kan haka a watan Janairu na 2022. Shi ya sa takarda take buƙatar sunan kanti da inda yake da lambar da ido zai iya tantancewa. Haka kuma mai talla da ya sami lambar mutum ta wannan hanya bai sami lasisin damunsa dare da rana ba. Yawan saƙonnin da ba a nema ba ne ya sa hukumar sadarwa ta NCC ta fito da lambar 2442 a 2016 domin mutum ya toshe su, sannan dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa masu tara lambobin mutane nauyin bayyana abin da za su yi da su. Wanda ya ba ka lambarsa don ya tambayi farashin buhun taki bai ce ka sayar wa masu ba da bashi ita ba.

'Yan'uwana ɗalibai, sau da yawa akan tambaye mu wane aiki za mu yi da digirin Hausa a Kudu in ban da koyarwa. Ga wani a gabanmu. Kowace takarda irin wannan tana buƙatar wanda zai rubuta jimlar, da wanda zai duba lanƙwasar haruffa kafin a kunna inji, da wanda zai naɗi muryar, da wanda zai amsa saƙon. Shawarata ga sashenmu ita ce, a darasin fassara na zango mai zuwa kowannenmu ya je kasuwa ya tsinto takardun talla biyar na Hausa, ya kira lambar da ke jiki, ya haska zanen in akwai, ya rubuta inda aka kai shi da harshen da aka amsa masa da shi. Sai mu gyara takardun a aji, mu naɗi muryar, mu kai wa masu su tare da farashin aikinmu.